Kalmar "Choice" ta Ingilishi: Asalinta, Ma'anoninta da Hanyoyin Fassara ta zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalmomin Ingilishi da ɗalibi yake cin karo da su a takardar jarrabawa, da wuya a sami wadda ta kai "choose" yawan maimaituwa. Ita ce take buɗe umarnin da ke saman shafi, ita ce kuma take fayyace tambayoyin da za a amsa da waɗanda za a bari. Ɗalibin da bai fahimci umarni ba kuwa, ya soma asarar maki tun kafin ya karanta tambaya ta farko. Duk da wannan muhimmanci, idan aka tambayi malami ma'anar kalmar, amsa guda yakan bayar: "choose" shi ne zaɓa, "choice" kuma zaɓi. Wannan amsa daidai ce, sai dai ba ta wadatar ba.

Misali guda zai isa hujja. A bakin 'yan siyasar ƙasar nan akan ji wanda ya sha kaye yana cewa, "It was a selection, not an election." Ɗalibin da ya dogara ga ƙamus kaɗai zai fassara wannan jimla da cewa, "Zaɓe aka yi, ba zaɓe ba." Kowace kalma ta sami abokiyarta, amma zancen ya mutu, domin kuwa ƙorafin da mai magana yake yi ya ɓace gaba ɗaya.

A wannan maƙala za mu bi diddigin asalin "choose" da "choice" da danginsu, mu zayyana ma'anoninsu, sa'an nan mu kwatanta su da aikatau "zaɓa" da maƙwabtansa a Hausa. Abin da muke son nunawa shi ne, Ingilishi ya rarraba ma'anar zaɓi a kan kalmomi masu asali daban-daban, ita kuwa Hausa ta rarraba ta a kan sigogin saiwa guda da kuma wasu aikatau na kusa da ita. Saboda haka ba za a iya jera kalmomin harsunan biyu ɗaya gaban ɗaya a ce an gama fassara ba. Mun yi la'akari musamman da masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, waɗanda galibi ta hanyar Ingilishi suke isowa gare ta.

2.0 Asalin Kalmomin

2.1 Aikatau "choose"

"Choose" yana cikin tsofaffin kalmomin Ingilishi na gado. A Tsohon Ingilishi, wato harshen da aka yi magana da shi a Ingila kafin ƙarni na 12, sigarsa ita ce "ceosan". Yana da 'yan'uwa a sauran harsunan dangin Jamusanci: "kiezen" a harshen mutanen Holan, "kiusan" a harshen Got wanda ya daɗe da mutuwa, da "kiesen" a tsohon Jamusanci. Masana tarihin harshe sun mayar da su duka ga saiwa guda ta Indo-Turai wadda ma'anarta ita ce ɗanɗana. Daga wannan saiwa ce Latin ya sami "gustus", wato ɗanɗano, wanda shi kuma ya haifar wa Ingilishi "gusto" da "disgust".

Ke nan a can asali, mai zaɓi shi ne mai ɗanɗanawa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa zuwa sayen zuma ko man shanu a kasuwa, inda mai saye yakan lasa na wannan ya lasa na wancan kafin ya ce a auna masa. Daga ɗanɗanawa ma'anar ta koma gwadawa, daga gwadawa ta koma amincewa da abin da ya ci gwaji. Malami zai iya amfani da wannan hoto na kasuwa wajen sa kalmar ta zauna a zukatan ɗalibai.

Daɗewar kalmar ce ta sa take sauya wasali idan lokaci ya sauya: choose, chose, chosen. Irin waɗannan aikatau ba su karɓar ɗafa-ƙeyar "-ed", shi ya sa "choosed" da ake yawan gani a rubutun ɗalibai kuskure ne. Haka kuma "chose" mai "o" guda na shuɗaɗɗen lokaci ne.

2.2 Suna "choice"

Mai kallon "choose" da "choice" zai ɗauka ɗaya ce ta haifi ɗaya a cikin Ingilishi. Tarihi bai nuna haka ba. Sunan da Tsohon Ingilishi yake da shi shi ne "cyre". Bayan da Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, dubban kalmomin Faransanci suka kwararo cikin harshen. A cikinsu akwai "chois", wanda ya bayyana a rubutun Ingilishi a wajajen shekarar 1300, ya kuma ture "cyre" har aka manta da shi. Abin sha'awa shi ne, aikatau na Faransanci "choisir", wanda "chois" ya fito daga gare shi, shi kansa aro ne daga harsunan dangin Jamusanci, kuma daga saiwar nan ta ɗanɗano. Wato kalmar ta yi ƙaura ne zuwa Faransa, ta sauya kama, ta komo ta tarar da ɗan'uwanta a gida.

Tsohon sunan bai mutu a ko'ina ba. A Jamusanci ya wanzu a cikin "Kurfürst", laƙabin manyan sarakunan da suke da haƙƙin zaɓen sarkin Daular Rum Mai Tsarki, waɗanda dokar shekarar 1356 ta ƙayyade adadinsu bakwai. Mai fassara zuwa Hausa ba zai sha wahala a nan ba, domin tsarin sarautar ƙasar Hausa ya riga ya tanadi sunan: masu zaɓen sarki.

2.3 Kalmomin da Suka Zo daga Latin

Kashi na uku shi ne na kalmomin da suka shigo daga Latin, ko dai kai tsaye ko ta hannun Faransanci, galibi ta ƙofar ilimi da shari'a da mulki:

i. "select", daga "se-" mai nufin gefe, da "legere" mai nufin tsinta ko tattarawa. Ma'anarsa ta asali ita ce tsintowa a ware gefe. Ya shiga Ingilishi a ƙarni na 16.

ii. "elect", daga "ex-" mai nufin fitarwa, da wannan "legere" ɗin. Daga gidansu ne "elite" ya fito, wato zaɓaɓɓun al'umma.

iii. "option", daga "optare", wato so ko buri.

iv. "prefer", daga "prae-" da "ferre", wato ɗauka a kai gaba.

v. "decide", daga "de-" da "caedere", wato yankewa. A nan Hausa da Latin sun yi kiciɓis, domin mu ma yanke shawara muke yi.

Wannan tarihi ne ya bar wa Ingilishi kalmomi da dama a fili guda, kowace da matsayinta. "Choose" na kowa da kowa ne. "Select" yana ɗauke da ƙamshin ofis da bin ƙa'ida. "Elect" ya fi karkata ga ƙuri'a.

3.0 Ma'anonin "Choice"

Idan muka dubi yadda ake amfani da kalmar a yau, za mu iya kasa ma'anoninta gida biyar. Ga su tare da fassarar da muke ganin ta fi dacewa da kowace:

i. Aikin zaɓar kansa.
She made a good choice.
Ta iya zaɓe. / Ta yi zaɓi mai kyau.

ii. Iko ko damar yin zaɓi.
The choice is yours.
Ya rage naka. / Wuƙa da nama suna hannunka.

iii. Abin da aka zaɓa, ko wanda aka zaɓa.
He is my father's choice.
Shi ne zaɓin mahaifina.

iv. Yawan abubuwan da za a zaɓa daga cikinsu.
The shop has a wide choice of cloth.
Kantin yana da yadi iri-iri, sai wanda ka gani.

v. Sifa mai nuna inganci.
They served choice meat.
Sun kawo nama mai kyau, tsoka zalla.

A cikin biyar ɗin nan, ma'ana ta farko da ta uku ne kawai "zaɓi" ya zauna daram. A ta biyu yana iya shiga, kamar a ce "zaɓi ya rage naka", amma ko babu shi zance ya cika. A ta huɗu, "kantin yana da zaɓi mai faɗi" Turanci ne aka sa wa rigar Hausa. A ta biyar kuwa, "zaɓaɓɓe" ya fi dacewa da mutane da rubuce-rubuce, kamar zaɓaɓɓun waƙoƙi, fiye da abin da ke kan teburin mahauci.

4.0 Aikatau "Zaɓa" da Danginsa

A bisa tsarin rukunan aikatau da F. W. Parsons ya gabatar a shekarar 1960, "zaɓa" yana cikin rukuni na biyu, wato masu sauya wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo bayansu:

Wannan na zaɓa. Babu karɓau a bayansa.
Na zaɓe shi. Karɓau wakilin suna ne.
Na zaɓi Audu. Karɓau suna ne.

Nan ne masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu suka fi tuntuɓe. Akan ji "na zaɓi shi" ko "na zaɓa Audu", saboda harsunan da suka zo da su ba su sauya aikatau don karɓau. Abin da ya ƙara rikita al'amarin shi ne, "zaɓi" da "zaɓe" suna kuma zuwa a matsayin sunaye, kowane da aikinsa. Zaɓi ya fi karkata ga na mutum ɗaya da abin da ransa ya kwanta da shi. Zaɓe kuwa, ko da yake yana nufin aikin zaɓa gaba ɗaya, siyasar zamani ta kusa mallake shi: babban zaɓe, hukumar zaɓe, zaɓen fid da gwani, zaɓen cike gurbi, zaɓen raba gardama.

Daga wannan saiwa guda Hausa ta fitar da abin da Ingilishi yake buƙatar kalmomi dabam-dabam kafin ya faɗa:

zaɓo: Je ka zaɓo mana rago.
zaɓe, na rukuni na huɗu: An zaɓe masu kyau, an bar mana tarkace.
zaɓu: Doyar nan ba ta zaɓuwa, duk ɗaya ce.
zazzaɓa: Ta zazzaɓi manyan tumatir.
zaɓaɓɓe, zaɓaɓɓiya, zaɓaɓɓu: zaɓaɓɓen gwamna.
mazaɓa: yankin da wakili yake wakilta.

A kusa da wannan gida kuma akwai maƙwabta waɗanda mai fassara ba zai rabu da su ba: ɗauka, tsinta, ware, tace, tantance, fifita, gwammace, ga dama, da canka. Kowane yana haska wani ɓangare na aikin. Mai tsintar tsakuwa a shinkafa abin da ba ya so yake fitarwa. Mai tantancewa ma'auni yake bi. Mai gwammacewa yana tsakanin abubuwa biyu ne da wataƙila babu wanda yake so a cikinsu. Mai canka kuwa bai sani ba, sa'a yake nema.

Larabci ma ya ba da nasa kaso. Saiwar da ta ba Hausa "alheri" ita ce ta ba ta "istihara", wato neman zaɓin Allah, da kuma sunan nan Muhtari ko Muntari, wanda ma'anarsa zaɓaɓɓe. "Ƙuri'a" ita ma daga Larabci take, kuma asalinta abin da ake jefawa ne don raba gardama ta hanyar sa'a, kafin ta zama takardar da ake kaɗawa ranar zaɓe.

Akwai kuma batun ƙa'idar rubutu. Idan aka yar da ƙugiyar "ɓ", to "zaɓi" ya koma "zabi", jam'in zabo, "zaɓo" kuma ya koma tsuntsun kansa. Takardar jarrabawar da aka buga da na'urar da ba ta da haruffa masu ƙugiya tana iya buɗewa da "Zabi ɗaya", ɗalibi Bahaushe ya yi dariya ya wuce, mai koyo kuwa ya haddace kuskure. Haka nan "zazzaɓi" na aikatau da "zazzaɓi" na ciwo rubutunsu ɗaya ne, sai furuci da muhallin jimla suke raba su.

5.0 Wuraren da Fassara Take Cijewa

5.1 Umarnin Jarrabawa da Manhaja

Tun daga jarrabawar kammala sakandare har zuwa ta shiga jami'a, wadda aka kafa hukumarta ta JAMB a shekarar 1978, ɗalibin Nijeriya yana tare da tambayoyi masu amsoshi A, B, C da D. Umarnin "Choose the correct answer" ba shi da wuya: "Zaɓi amsar da take daidai." Sauran umarnin ne suke buƙatar lura:

Answer any three questions of your choice.
Amsa tambayoyi uku, duk waɗanda ka ga dama.

Question one is compulsory. The rest are optional.
Tambaya ta ɗaya dole ce, sauran kuwa ganin dama ne.

Choose the odd one out.
Fitar da bare a cikinsu.

Idan aka fassara na ƙarshe da "Zaɓi wanda ya bambanta", an kusa, amma "zaɓa" a kunnen Bahaushe yana tafiya da so da fifiko, alhali abin da ake nema a nan shi ne wanda bai dace da sauran ba. Game da sunan irin waɗannan tambayoyi kuwa, muna ganin a guji duk wani suna da aka gina a kan "canka", domin yana koya wa yaro cewa amsa sa'a ce. Haka ma "zaɓi sonka", wanda masu sauraron rediyo suka sani a matsayin shirin gaishe-gaishe, bai dace ba, tun da ba son ɗalibi ake tambaya ba. "Tambayoyin zaɓen amsa" ya fi kusa da manufa.

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fitar a 1977 aka kuma sake duba ta a 1981 da 1998 da 2004, ta kasa darussan sakandare zuwa "core" da "elective". Wanda ya bi sifar kalmar zai kai "elective" rumfar zaɓe. Abin da ake nufi shi ne darussan dole da darussan zaɓi.

5.2 Harshen Siyasa

Mu koma ga jimlar da muka buɗe da ita. Mai cewa an yi "selection" maimakon "election" yana nufin wasu 'yan tsiraru ne suka ɗora wanda suke so ba tare da ƙuri'ar jama'a ba. Hausar siyasa tana da sunan wannan, don haka fassarar ita ce, "Ɗauki-ɗora aka yi, ba zaɓe ba," ko kuma, "Naɗi aka yi, ba zaɓe ba." Amma a wajen ɗaukar ma'aikata, "selection" ba zargi ba ne, tantancewa ce. A filin ƙwallo kuma, fitar da 'yan wasa ne. Kalma ɗaya, fassara uku, kuma muhalli ne alƙali.

5.3 Rashin Zaɓi da Yawansa

"I have no choice" ta shiga Hausar jarida a matsayin "ba ni da zaɓi", har kunne ya fara sabawa da ita. Duk da haka, ya kamata ɗalibi ya san cewa kafin wannan akwai "ba yadda zan yi", "ba makawa", "dole ce ta sa", da "ba ni da mafita". Haka nan "He chose to remain silent" ta fi daɗi a "Ya gwammace ya yi shiru" ko "Ya ga dama ya yi shiru", gwargwadon ko shirun na haƙuri ne ko na isa.

Ingilishi yana da salon magana "Hobson's choice", wanda ake dangantawa da Thomas Hobson, wani mai ba da hayar dawaki a garin Kambirij da ya rasu a 1631. Ƙa'idarsa ita ce, mai haya ya ɗauki dokin da ke kusa da ƙofa ko ya tafi a ƙasa. Ma'anar ke nan: ko ka karɓi wannan ko ka haƙura. Kuskure ne a fassara shi da "gaba kura, baya sayaki", domin wannan karin magana na wanda yake tsakanin masifu biyu ne. A ɗaya gefen kuma, wanda abubuwa suka yi wa yawa har ya kasa tsai da ɗaya, wanda Bature zai ce "spoilt for choice", Hausa ta ce yana ruwan ido. Wanda kuma ya zaɓa ba tare da bincike ba ya kwaso marar kyau, ya yi zaɓen tumun dare.

5.4 Kalmomin Fannu

A darasin tattalin arziki, "choice" yana tafe ne da ƙarancin abin hannu: buƙatu sun fi kuɗi yawa, dole a ɗauki wata a bar wata. "Zaɓi" ya dace a nan, muddin an haɗa shi da abokan tafiyarsa, wato jera buƙatu bisa fifiko, da kuma abin da aka haƙura da shi. A ilimin halittu kuwa lamarin ya sha bamban. "Natural selection", wanda Charles Darwin ya yi bayani a littafinsa na 1859, ba ya nufin akwai wani mai nufi da yake zaune yana zaɓe. Halittun da suka fi dacewa da muhallinsu ne suke rayuwa su hayayyafa fiye da sauran. Tun da "zaɓa" a Hausa yana neman mai zaɓa, muna ganin aikatau "tace" ya fi kusa, a ce muhalli ne yake tace halittu, sa'an nan a biyo da cikakken bayani.

6.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari ga masu tsara manhaja da marubuta littattafai da malamai:

i. A koyar da sigogin zaɓa, zaɓe da zaɓi tare a darasi guda, cikin cikakkun jimloli, kafin a gabatar da su a matsayin sunaye.

ii. A saba wa ɗalibi da yi wa kansa tambayoyi uku kafin ya fassara: wa yake zaɓar, da wane ma'auni, kuma yana da ikon ƙi?

iii. A samar da daidaitaccen jerin umarnin jarrabawa cikin Hausa, domin ɗalibi ya tarar a zauren jarrabawa da abin da ya saba gani a aji.

iv. A nuna wa ɗalibai yadda ake amfani da ƙamus ta fuska biyu. Wanda ya duba kalma a ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa, irin na Neil Skinner na 1965 ko na Roxana Ma Newman na 1990, ya koma ya duba abin da ya samo a na Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, don ya ga yadda kalmar take zama a jimla.

v. A tabbatar da haruffa masu ƙugiya a duk abin da za a buga wa ɗalibai.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa "choose" kalmar gado ce mai asalin ma'anar ɗanɗano, "choice" kuma 'yar'uwarta ce da ta biyo ta Faransanci, sa'an nan "select" da "elect" da "option" suka zo daga Latin. Mun ga kuma cewa Hausa ta biya wannan buƙata ta hanyar sarrafa saiwar "zaɓa" da kuma jawo aikatau irin su tantance, ware, gwammace da ga dama. Daga cikin ma'anoni biyar na "choice" da muka kawo, biyu ne kawai "zaɓi" ya ɗauka ba tare da gyara ba. Saboda haka aikin da ke gaban malami shi ne ya horar da ɗalibi ya fara gane abin da yake faruwa a cikin jimla, sa'an nan ya nemi yadda Bahaushe yake faɗar sa. Muna fata za a yi irin wannan nazari a kan sauran kalmomin umarni da suke yawan fitowa a jarrabawa, kamar "discuss" da "explain" da "compare", domin su ma suna da irin wannan matsala.